Yadda muka kai baje kolin zanenmu cikin gari

Duk wanda ya karanci zane a jami'a ya san baje kolin ƙarshen shekara, wanda kowa zai kafa aikinsa a ɓangaren bangon da aka yanka masa, malamai su zo da takardunsu su zagaya su ba da maki, a ɗau hotuna a watse. Wannan jarrabawa ce kuma tana da amfaninta, amma ba labarinta zan ba ku ba. Namu daban ne, mu ɗalibai muka tayar da abinmu, babu maki babu komai, kuma tun zaman farko muka ce ba a cikin makaranta za mu yi shi ba, cikin gari za mu kai shi, inda iyayenmu da maƙwabta da masu sana'a za su shigo ba tare da sun ji kamar sun zo wurin da ba nasu ba.

Dalili kuwa shi ne da yawanmu a gida ba a san takamaimai me muke yi ba. An san dai muna Zariya, an san kullum muna neman kuɗin fenti da kambas, wato yadin da ake zane a kai, amma in ka ce wa kawunka zane kake karantawa sai ya ɗan yi shiru ya ce to Allah ya sa albarka, kai ma ka san akwai sauran magana a bakinsa. Alhali gidan da ya taso a ciki akwai dagi a goshin zaure, babbar rigar da yake sawa ranar sallah akwai aska takwas a ƙirjinta, allon da ya yi sauka da shi an yi masa zayyana, ƙwaryar da ake dama masa fura a ciki an yi mata ado. Mutumin da ya rayu a cikin wannan ba baƙon zane ba ne, mu ne dai ba mu taɓa kai masa namu ya gani ba.

Kuma mu a Zariya ba mu da bakin cewa ɗalibi ba ya iya tayar da abu. A 1958 ɗalibai ne irinmu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, tun wurin yana kwaleji kafin ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin da suka tsaya a kai shi ne ka koyi dabarun da ake koya maka a aji amma abin da za ka faɗa ka koma gida ka ɗebo shi, shi ya sa Uche Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da jikin bango, shi kuma Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Muna haddace wannan mu rubuta a jarrabawa, sai rannan muna zaune a lambun sassaƙa bayan la'asar wata 'yar ajinmu ta ce to mu ina namu komawa gidan, ko sai dai mu yi ta ba da labarin na wasu? Daga nan maganar ta tashi.

Mun kai mu ashirin, masu fenti da masu sassaƙa da masu ginin tukwane da masu rini da saƙa da wani guda ɗaya mai ɗaukar hoto, kuma ba duka Hausawa ba, akwai 'yan kudancin Kaduna da 'yan Binuwai da Yarbawa da Ibo, wasunsu ma a Sabon Gari aka haife su Hausarsu ta fi tawa. Aka buɗe guruf a WhatsApp, aka naɗa ma'aji, aka yanka karo-karon da kowa zai kawo. Jigo bai ba mu wahala ba, muka ce kowa ya kawo abin da ya shafi gida, wato abin da ya buɗe ido ya gani a inda ya taso, ko gidan ƙasa ne a cikin birni ko barikin 'yan sanda ko ɗaki ɗaya na haya.

Inda aka kai ruwa rana shi ne wa zai ce wannan aikin ya shiga wannan bai shiga ba. Wasu suka ce tunda kowa ya biya kuɗinsa to kowa ya rataya abin da ransa ke so, a raba bango daidai wa daida a huta. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi, kuma na ƙi da ƙarfi, domin in aka yi haka mun sake yin baje kolin jarrabawa ke nan sai dai babu malamai, kowa na ihu a lungunsa babu mai sauraren wani, baƙo ya shigo ya ga tarin kaya ya fita bai riƙe komai ba. Zaɓe dole ne, kuma zaɓe yana da ciwo, wannan ba yau aka fara ba, a Faris ma a 1863 waɗanda alƙalan babban baje koli suka ƙi aikinsu sun yi ta ƙorafi har sai da aka buɗe musu nasu daban. A ƙarshe dai aka tsaya a kan cewa mutum uku za su yi zaɓe da tsarawa, ni da ita wadda ta fara tayar da maganar da wani mai sassaƙa ɗan Kafanchan, kowa zai samu aƙalla aiki ɗaya a ciki amma mu za mu ce wanne, mu ukun kuma sauran jama'a ne za su zaɓar mana namu ba mu da ta cewa. Muka rubuta a takarda kowa ya sa hannu, har da layin da ya ce karo-karo ba kuɗin sayen bango ba ne.

Sai muka shiga bin mutane ɗaki ɗaki, a hostel da gidajen haya na Samaru, kuma wallahi a duk aikin nan babu abin da na ji daɗinsa kamar wannan. Sharaɗinmu shi ne kada ka nuna mana abin da ka shirya mana kawai, fito da komai, na ƙarƙashin gado, na bayan ƙofa, littafin da kake zane a ciki in lakca ta gundure ka. Sai muka lura kusan kowa mafi kyawun aikinsa ba shi ne wanda ya kai wa malami ba. Wata 'yar Gombe mai kunya, wadda a aji ba ka jin muryarta, ta fito mana da ƙananan zane na gawayi na hannun kakarta tana kaɗi, hannu da mazari da abawa kawai, babu fuska, ta ce ai waɗannan wasa take yi ba aiki ba ne, muka ce mata 'yar'uwa waɗannan muke so, duka. Wani ɗan Kano ya ɗauko yadin da ya ɗaure da kansa ya kai marinar Ƙofar Mata aka tsoma masa a baba. Wani kuma ɗan gidan magina ne, ya yi adon bango da jar ƙasa a kan katako ya shafe da makuba yadda ya ga ana yi a gidansu. Mai hoton namu, ɗan Binuwai, hotunan rumbun doyar mahaifinsa ya nuna mana daga farkon shekara yana cike har ya koma wayam. Kowane aiki muka ɗauka sai mun auna tsawo da faɗi mun rubuta a littafi, mun ɗau hotonsa gaba da baya, in akwai tsaga ko tabo mu nuna wa mai shi tun a nan, don kada gobe a ce a hannunmu ya lalace.

Mai wuyar ita ce ta abokina, wanda tun aji ɗaya muke tare, kuma duk ajin an yarda babu mai hannunsa a fentin mai. Yana da wani ƙaton hoto na fuskar wani shahararren mawaƙi da ya kwafa daga hoton waya, ya fi ni tsawo, har ramukan fata da zufa sun fito, duk wanda ya gani sai ya ce kai anya da hannu aka yi wannan? Shi a ransa wannan ne zai tsaya a bakin ƙofa. Mu kuma idonmu ya tsaya a kan wani ɗan ƙarami da ke jingine a bayan akwati, shagon ɗinkin babansa da daddare ana jajibirin sallah, fitila ɗaya, keken ɗinki, tarin yadi, da bayan mutum a sunkuye, bai ma gama gefe ɗaya ba. Na ce masa ɗan'uwa wannan muke so. Ya ce kai yanzu duk wahalar da na sha a kan wancan ba ka gani ba sai wannan da na yi a dare ɗaya? Na ce na gani, wancan ya nuna kana da hannu kuma wannan kowa ya riga ya sani, amma fuskar ba taka ba ce kuma wani ne ya ɗauki hoton, shi kuwa shagon nan duk duniya babu wanda zai iya zana shi sai kai. Ya ce hassada ce. Ya ɗau lokaci ba ya amsa min magana sai gaisuwa, abin ya dame ni sosai domin mutum ne da nake ƙauna, amma har yau ina kan bakana, da mun sa babban nan da ya cinye ɗakin, mutane su taru a gabansa suna mamaki su ɗau hoto su wuce ba su kalli hannun kakar 'yar Gombe ba. Ya dai kawo ƙaramin, da kansa ya kai aka yi masa firam.

Sai maganar hoton mai rai, wadda duk mai zane a arewa ya san ba a tsallake ta. Tunda dattawa da malamai da matan aure muke gayyata, wasu suka ce a cire duk abin da ke da siffar mutum a huta, wasu suka ce in aka yi haka mun yi wa mutane ƙarya game da abin da muke yi, kuma akwai 'yan'uwanmu da aikinsu gaba ɗaya sassaƙar mutum ne, a ce musu su koma gefe? An yi zafi a wannan zaman, amma zafi na mutunci, domin kowane ɓangare akwai abin da yake karewa na gaskiya. Abin da muka yi shi ne zanen tsiraici da ake yi a aji don koyon ƙirar jiki muka ce wannan darasi ne ya zauna a situdiyo, sauran kuwa suna nan, sai dai muka tsara wurin irin tsarin gida, ɓangaren farko da za ka fara shiga zayyana ce da rini da tukwane da adon bango, sassaƙa da hotunan mutane suna daga ciki, kuma mai tsaron ƙofa zai faɗa wa kowa abin da ke ciki tun kafin ya shiga, wanda ya ga zai tsaya a farko ya tsaya babu wanda zai ji an yi masa ba-zata. Shi ma ɗan'uwanmu mai yin zayyana da kansa ya ce ba zai sa aya a aikinsa ba tunda wuri ne da kowa zai shigo kuma za a yi ta ɗauka ana ajiyewa, ya tsaya a kan adon kawai, da tawadar da ya dafa da kansa ya sa mata ƙaro, da alƙalamin kara.

Wuri kuwa Allah ne ya kawo mana sauƙi, kawun wani ɗan ajinmu yana da tsohon sito wajen Tudun Wada da aka daina ajiye hatsi a ciki, ya ce mu yi amfani da shi kyauta in dai za mu mayar masa da shi yadda muka same shi ko fiye. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, tagogi ƙanana can sama, ƙasa siminti. Kafin mu taɓa komai sai da muka je muka gaida mai unguwa da limamin masallacin layin muka faɗa musu abin da ke tafe da mu, liman ya sa albarka ya ce a kula da lokutan sallah kuma kada a cika wa maƙwabta kunne da kiɗa, muka ce in sha Allah. Muka share, muka wanke, muka toshe ramukan ɓera, muka shafa farin fenti, ban da bango ɗaya da muka yi wa kalar jar ƙasa saboda shuɗin baba ya fi fitowa a kanta. Yawancin kuɗinmu a katako da firam da wayar wuta ya tafi, kuma da karo-karo ya gaza sai masu rini suka buga ƙananan gyale da jakunkuna muka sayar a makaranta aka cike.

Wani dattijon kafinta a layin shi ya haɗa mana bangon filawud guda uku masu ƙafa da muka raba ɗakin da su. Da muka kai masa zanen abin da muke so ya duba ya ce 'ya'yana wannan ƙafar ta yi kaɗan, yaro ɗaya ya jingina zai kifar da shi, ya faɗaɗa ta ya ce mu ɗora buhun yashi a baya. Shi ne kuma ya yi mana akwatunan da muka ɗora tukwane da sassaƙa a kai. Na ce Baba ranar buɗewa fa kana cikin manyan baƙi, ya ce to in Allah ya kai mu, ai ina so in ga abin da za ku rataya a jikin katakona.

Lokacin hunturu ne, ƙura kamar me, shi ya sa muka kafa doka cewa duk fentin mai da bai bushe ba ba zai shigo ba, domin shi ba kamar akirilik ba ne da ke bushewa nan da nan, yana ɗaukar kwanaki kafin ya daina kama hannu, watanni kafin ya bushe har ciki, in ƙura ta hau shi ɗanye ta zauna ke nan. Zanen gawayi kuma sai da aka fesa masa maganin da ke kama shi, aka sa kwali mai kauri tsakaninsa da gilashi don kada ya manne. Kaya muka kwaso a a-kori-kura, kowane aiki an naɗe shi da tsohon bargo ko kwali, fuska na kallon fuska baya na kallon baya, tukwane kuwa a cinya aka riƙo su cikin keke napep.

Ba mu buga ƙusa ko ɗaya ba sai da muka jingina komai a ƙasa a gindin bango muka yi ta matsarwa. Nan ne ainihin aikin yake. Ka ajiye abu biyu kusa da juna ka ja baya ka duba, sai ka ga ɗaya ya kashe ɗaya, ka raba su ka kawo wani sai ka ga duka biyun sun farka. Abokiyar aikinmu ita ta fi mu ido a nan, ta ce ita tun tana yarinya take bin yayyenta jeren amarya, kuma abin ɗaya ne, ba a haɗa manya wuri guda, ba a cika kabet har ido ya rasa inda zai sauka, kuma akwai abin da ake so mai shigowa ya fara gani daga bakin ƙofa. Ita ta ce a sa hannun kakar 'yar Gombe daf da yadin baba, ga mai kaɗa zare ga inda zaren yake ƙarewa, daga nan ido ya gangara kan shagon ɗinkin abokina, sai ga bango guda yana ba da labari ɗaya daga auduga har zuwa riga alhali mutum ukun nan ba su taɓa shawara da juna ba. Hotunan rumbun doya muka jera su a layi ɗaya a bangon ƙarshe, kuma da yake ɗakin asalinsa na hatsi ne sai suka zauna daram. Akwai aiki biyu masu kyau da muka riga muka zaɓa amma da aka zo jerawa suka ƙi zama da kowa, muka kira masu su muka nuna musu da idonsu, muka koma ɗakunansu muka canzo wasu.

Wajen ratayawa ƙa'idar da aka saba ita ce tsakiyar aiki ta kasance wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai matsakaicin tsawo, ba saman firam ake daidaitawa ba tsakiya ake bi, babba da ƙarami duk su hau layi ɗaya. Mu mun ɗan sauko da namu ƙasa kaɗan tunda mun gayyaci 'yan firamare. Ƙasan siton ba daidai yake ba, in ka auna daga siminti sai layin ya karkace, sai ɗan gidan maginan nan ya kawo siririn tiyo ya cika shi da ruwa irin yadda suke yi a wajen gini, ya fitar mana da alama a kowane bango, muka ja zare muka bi. Kowane firam ƙusa biyu muka ba shi don kada ya riƙa karkacewa in an taɓa. Fitila kuma ba a saitin aiki ake sa ta ba, daga sama ake karkato ta wajen digiri 30, in ba haka ba gilashi ya riƙa walƙiya ko inuwar mai kallo ta faɗa kan zanen, amma shi adon bangon da gangan muka haska shi daga gefe don tudu da kwarin su fito. Muka yi hayar ƙaramin janareto muka ajiye shi can bayan gini da doguwar waya saboda ƙara.

Takardun bayani su ne abin da na fi alfahari da shi. Da muka ce kowa ya rubuto bayanin aikinsa, abin da ya zo mana Turanci ne mai nauyi irin na littafi, wanda ko mai shi in ka ce ya maimaita da baki ba zai iya ba. Muka ajiye su gefe, muka ce kowa ya turo saƙon murya kamar yana yi wa kakarsa bayani, da harshen da ya ga dama, mu kuma muka zauna muka tsamo layi uku ko huɗu daga ciki. Sai ga magana mai rai, ɗan Binuwai ya ce in rumbun nan ya kai rabi babansa yakan daina yawan magana, 'yar Gombe ta ce ba ta zana fuskar ba ne saboda kullum a ƙasa take zaune gefen kakar hannun kawai take gani. Muka buga kowanne da Hausa a sama da manyan baƙaƙe, Turanci a ƙasa, da suna da shekara da kayan da aka yi aikin da su, shi kuma mai zayyana ya rubuta sunan kowane aiki da ajami da hannunsa saboda dattawan da boko ba ya yi musu daɗin karatu. Farashi ba mu manna a bango ba, yana cikin takarda a teburin bakin ƙofa, wanda ya tambaya a nuna masa.

Gayyata da ƙafa muka yi ta. Fosta da Facebook sun kawo mana 'yan makaranta da abokai, amma mutanen da muka yi abin dominsu sai da muka je muka same su, shugabannin makarantun firamare da islamiyyun unguwa, teloli, masu ɗinkin hula, magina, matan da ke yin lalle, kowa kuma ya kira gida ya ce a zo. Malamanmu ma mun kai musu kati har ofis kuma sun zo, wasunsu da iyalansu.

Ranar buɗewa ba mu yi dogon jawabi ba, addu'a, godiya ga mai sito da mai unguwa, aka raba zoɓo da kunun aya a waje don kada a shiga da abin sha. Muka raba kanmu kowa da lungun da zai tsaya, aikinsa ya amsa tambaya ya kuma lallaɓa yara kada su taɓa, sai dai mai tukwanen ta ware guda biyu ta ce waɗannan a taɓa, a ɗaga, a ƙwanƙwasa a ji ƙararsu. In yara sun taru sai ta zaro naira ashirin ta juya bayanta ta nuna musu Ladi Kwali tana ginin tukunya, ta faɗa musu matar nan a ƙauye ta koyi sana'arta kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har jami'armu ta ba ta digirin girmamawa a 1977, sai ka ga yara sun yi tsit suna kallon kuɗin kamar yau suka fara ganinsa.

Wani tsohon magini daga cikin birni ya daɗe a gaban adon bangon nan, can ya kira mai shi ya ce yaro ɗan gidan wa ne kai, da ya faɗa masa ya ce to hannunka yana da kyau amma ka bari ƙasar ta sha iska da yawa kafin ka fitar da layin, shi ya sa bakinsa ya yi kaifi kamar an yanka da wuƙa, tun tana da danshi ake bi da yatsa. Ya ɗaga hannu yana nuna masa a iska yadda ake murɗa dagi, ya ce ya je masallacin Juma'a na cikin birni ya kalli aikin Babban Gwani, maginin da ya gina shi, da kyau ya ga yadda magabata suka yi. Ɗan'uwanmu ya durƙusa yana saurare, mu ma muka matso, har wani malaminmu ya ciro biro yana rubutawa. Mata kuwa bangon auduga suka fi tsayawa, wata Hajiya ta ce rabonta da ganin mazari tun rasuwar mahaifiyarta, ta tambayi kuɗin guda ɗaya ta biya nan take, muka manna jan ɗigo a gefensa alamar an saya. Baban abokina ya zo da almajiran shagonsa, ya tsaya gaban ƙaramin hoton ya ce ai wannan kekena ne, ga ma inda fentinsa ya goge, ya juya ya ce wa ɗansa yaushe ka yi wannan ban sani ba? Wani ya taya hoton, uban ya ce ba na sayarwa ba ne shago zai koma. Akwai dattawan da suka tsaya a ɓangaren farko ba su shiga ciki ba, suka sa albarka suka tafi, akwai kuma waɗanda suka shiga har ƙarshe suka fito suna tambayar yadda ake narka ƙarfe.

Mako guda muka yi a buɗe, da safe 'yan makaranta aji aji, da yamma mutanen gari, mu kuma muna karɓa-karɓa tsakanin lakca da tsaron ƙofa, kullum da safe sai an bi firam ɗaya bayan ɗaya an goge ƙura da busasshen tsumma. Littafin baƙi ya cika da boko da ajami da Turanci har da zanen yara. Ayyukan da aka saya ba su da yawa, yawanci ƙanana ne da tukwane da gyale, kuma tun farko mun yi yarjejeniya kashi ɗaya cikin goma na duk abin da aka sayar zai shiga asusun taro, da shi muka biya sauran kuɗin kafinta da man janareto.

Da muka rufe, kowa ya zo ya duba aikinsa da hoton da muka ɗauka tun farko ya sa hannu ya ɗauka, waɗanda aka saya muka kai wa masu su har gida. Muka cire ƙusoshi, muka toshe ramuka muka bi da fenti, muka mayar wa kawu mukullinsa, ya zagaya ya ce wayar wutar a bar masa zai biya. Ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa har na ƙusa da ruwan leda. Bangon filawud da akwatunan suna ajiye a shagon Baba kafinta, 'yan ajin da ke bayanmu sun riga sun zo sun karɓi littafin awo da lissafin, sun ce su a cikin birni suke son yin nasu in sun samu zaure mai faɗi, kuma sun je sun gaida tsohon maginin nan suna roƙonsa ya yi musu bango ɗaya da hannunsa.